Jan Rubutun da Na Toshe

A wani ƙaramin ofis a Wulari muke aiki, mu uku: mai ofishin da muke kira Alhaji, ni mai rubuta manhaja, da wata mata mai 'ya'ya uku da ke shigar da bayanai. Manhajarmu ce ke fitar wa dillalan Kasuwar Shanu takardar rigakafi kafin a loda shanu zuwa kudu.

Wata Talata da hantsi aka bugo wa Alhaji waya. An tsare tirela biyu a hanya, domin gurbin lambar kunnen shanun ya fito wayam a takardun. Dabbobi na tsaye cikin rana, dillali na ta zage-zage.

Alhaji ya juya kan matar. "Madam, ke kika bar wurin babu komai. Gwajin da Malam ke yi wa manhajar kullum kore yake nunawa, alamar komai lafiya." Ni yake nufi da Malam.

"Wallahi na saka, Oga," in ji ta.

"Ki tattara kayanki."

Manhaja baki biyu gare ta, ɗaya na faɗin sakamako, ɗaya na ƙorafi. Rubutun gwajina na farkon kawai yake saurara. Na biyun ni na toshe shi da hannuna wata uku baya, don jan rubutun ƙorafin yana cika mini allo, ni kuwa mutum ne mai son ganin komai tsaf.

Na buɗe bakin a ɓoye, na sa gwajin ya kama duk abin da ya fito. Ja ya rufe allon. Lambar shanun da ake shigowa da su daga Chadi ta fi tsawon da na tanada, sai manhajar ta yi ƙorafi ta watsar da ita.

Ina jin ƙarar zif ɗin jakar matar. Da zan gyara shiru, babu mai ganewa. Ina jin kunyar faɗin wannan, amma sai da na yi minti biyu cur ina wannan tunanin.

"Alhaji, zo ka gani. Laifina ne."

Ya karanta, ya dube ni, ya fita da waya a kunne. Ita kuma ta ajiye jakar ta zauna.

Ba ta taɓa yi mini gori ba. Amma daga ranar, duk takardar da na ce an gwada, sai ta ɗauko biro ta bi ta layi-layi a gabana.