Ko tari ba a ji Sa'a ta yi ba

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar ƙanwata Sa'a, kuma a damanar bana 'yar da ta bari za ta haihu. Sunanta Mariyama, ni na raine ta. Tun da cikin ya fito, magana ɗaya ake yi a gidanmu: a ina za ta haihu?

Sa'a a Konni ta yi aure, mijinta direban babbar mota ne. Daga ƙofar gidansu ana hango katangar matanite, inda mata ke haihuwa a hannun likita. Amma cikin fari ne, kuma a wurinmu cikin fari a ɗakin uwa ake sauke shi. Da ya tsufa muka je da goro muka ɗauko ta zuwa ƙauyenmu, can bayan Bazaga. Ba wanda ya ga aibu, har ita kanta. Murna take yi za ta sha kunun kanwa daga hannun Inna.

Mai haihuwar fari ba ta faɗin naƙuda ta zo, abin kunya ne. Sa'a ta wuni a inuwar rumbu tana ɓarar wake, gumi yana tsiyaya daga haɓarta, muka ce zafin gari ne. Bayan azahar Inna ta leƙa ɗaki ta tarar da ita a durƙushe, jaririya a ƙasa. Ungozoma ta zo ta yanke cibi. Mabiyiya ta ƙi fita, jini kuma ya ƙi tsayawa. Aka ɗaura jaki a amalanke muka nufi Konni, hanya duk laka saboda ruwan da aka yi. Kanta yana kan cinyata, amma ban san daidai inda ta cika ba, don ko a amalanken ba ta yi nishi ba.

A zaman makoki mata sai yabo suke yi: "Ɗiyar kirki, ko tari ba a ji ta yi ba." Ni kuma ina ta amsa gaisuwa. Ban yi kuka ba, na goya jaririyar na koma gidana. Har yau in na tuna ranar ba na jin komai a ƙirjina, kamar labarin wasu ne aka ba ni.

Yanzu abubuwa sun yi yawa. Ƙauyenmu ma an gina ɗan ɗakin likita, akwai mai karɓar haihuwa da ta yi karatu. A Konni ga matanite, ga asibiti inda ake yi wa mace aiki in ɗa ya ƙi fitowa, ga kilinik na masu hali. Mata na zuwa awon ciki da rana tsaka, ba ɓoyo. Nakan tambayi kaina me Sa'a za ta ce. Na san ta. Za ta rufe fuska da gyale ta ce ita ba ta kwanciya gaban baƙi. Watakila da tana raye, da ita za ta fara cewa a kai Mariyama ƙauye.

Inna ta tsufa, amma ba ta canza ba. Watan jiya ta aiko Konni, inda nake zaune, a kira ni ƙauye.

"Hadiza, yaushe za ku kawo min ɗiyar nan? Mu duka ɗaka munka haihu."

Na ce, "Inna, Sa'a ma ɗaka ta haihu."

Bayan kwana kaɗan sai ga Inna a Konni da tukunyar dafa ruwan jego. Ta ce a haihu wurin likita, amma wanka nata ne.

Na ɗauka an gama. Sai ranar awo, mai duba masu ciki ta danna ƙafar Mariyama ta ga kumburi, ta matsa mata da tambaya. Ashe yarinyar ta daɗe da ciwon kai, har idanunta na yin duhu. Tun da ta dawo gidana goyon ciki tare muke cin abinci kullum, ban sani ba. A hanyar gida na ce me ya hana ta faɗa mini. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kunyarki nika ji."

Ba ta taɓa ganin uwarta ba, ko hotonta ba mu da shi. Amma abin da aka yabi Sa'a da shi, shi ta bar wa 'yarta. Wurin haihuwa mun zaɓa, a hannun likita, maƙwabcinmu ya yi alkawarin motarsa. Na kwashe tabarmata na koma ɗakin Mariyama, ina kallon fuskarta, tunda na san ba za ta faɗa ba.