Rabin Bambar da Yaya Ya Bar Mini

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, Allah ya karɓi ran yayana, wanda masu motoci suka fi sani da Likitan Bamba. Yana wurin aiki ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ina bakin aikina aka kira ni, kuma har yau ban san abin da na amsa wa mai wayar ba.

Yaya, sana'arka ƙarama ce a idon mutane. Baƙar robar jikin mota, wato bamba da bayan madubi da ƙasan ƙofofi, idan rana ta cinye ta ta koma launin toka, kai kake dawo mata da baƙinta. Ka wanke da sabulu da buroshi, ka bari ta bushe ƙarau a inuwa, ka liƙa tef a gefe don kada ka ɓata fenti, sannan ka bi ta da soso da maganin baƙi a hankali. Idan ka ji wani ya goga man takalmi ko baƙin man inji, sai ka yi ta faɗa kamar kai aka shafa wa. Kana cewa roba ba tsufa take yi ba, ƙishirwa take ji. Mun sha yi maka dariya a kan wannan magana.

Direbobin haya nawa ka gyara wa mota ka kore su da "je ka, sai ka samu"? Maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar mota, kai ka yini a kanta har ta yi kyan da aka saye ta da daraja, ko ruwan gidanta ba ka sha ba.

Amma kana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Ba ka taɓa gama mota a zama ɗaya. Sai ka raba bamba biyu da tef, ka yi gefe guda, ka ce mai ita ya je ya yi kwana biyu a ga yadda robar ta sha. Haka ka yi wa tawa ana gobe za ka rasu. Na ce, "Haba Yaya, haka zan shiga gari kamar wadda aka yi wa kitso gefe ɗaya?" Ka ce, "Auta, kin cika gaggawa. Ki dawo jibi in ƙarasa miki." Na tafi ina mita, ban ko waiwayo ba.

Yanzu ga motar nan a ƙofar gida, dama baƙi wuluk, hagu toka-toka, tef ɗinka na nan a tsakiya. Ni kuma na rasa yadda zan yi da ita. Matarka ta ce in taimaka mata in sa a ƙarasa, don duk sanda ta gan ta sai ta ji kamar yanzu za ka fito da soso a hannu, kuma zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Inna ta ce duk wanda ya taɓa aikin ɗanta na ƙarshe ba ta yafe ba. Dukansu biyu ina jin tausayinsu. Idan na je gidanka sai in ajiye motar a bayan layi in tako da ƙafa, idan na je wurin Inna sai in kawo ta har bakin ƙofa.

Na kai kukana ga wani abokin aikinka, shi kuma ya ƙara ruɗa ni. Ya ce ko an ƙarasa baƙin ba zai zo ɗaya ba, don hannu ya bambanta. Ya ce idan kuma aka bari, rana za ta ci gefen da ka yi har su daidaita. To Yaya, ina zan sa kaina? In na gyara na shafe ka, in na bari rana ta shafe ka. Na sayi tamfol ina rufe ta, amma dole in fita aiki.

Shekaranjiya Inna ta ce in kama hannunta in kai ta wurin motar. Ka san idonta ya yi rauni. Ta laluba, ta ɗora tafinta a gefen hagu, wanda ba ka kai ga yi ba, tana shafawa tana cewa, "Kin ji laushi? Aikin ɗana ke nan." Na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna duka gefen biyu kai ka wanke da hannunka. Na bar ta tana shafawa har ta gama.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka, da abokan aikinka da har yanzu ba su ɗaga bencinka daga inda yake ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ka ce in dawo jibi, Yaya, na kuwa dawo. Allah ya cika maka ladan duk abin da ka fara ba ka samu ƙarasawa ba. Amin.