Ranar da Na Yanka wa Allah Wa'adi

Ban nemi shugabanci ba. A shekarata ta farko a kwaleji a Funtua, wanda ke jagorantar 'yar zumuntarmu ta Kiristoci ya gama karatu, ya dubi mu shida da muka rage, ya zaɓe ni don ni ne mai baki. Sauran biyar ɗin, in ka tara maganarsu ta wata guda ba za ta cika cokali ba. Ni kuwa tun a firamare malamai ke cewa ko a buhu aka ɗaure ni, buhun zai yi hira.

Duk Laraba bayan la'asar muke zama a bayan ɗakin gwaje-gwaje, kan bulo da kifaffun bokitai. Waƙa, aya ɗaya, sai kowa ya faɗi abin da yake so a roƙa masa, shugaba ya yi addu'a. Laraba mai zuwa kuma kowa ya ba da shaidar abin da Allah ya yi. A nan na yi suna. Wani ya ce tarinsa ya yi sauƙi, kafin in gama godiya na mai da shi wanda aka tono daga kabari. Babban Fasto suke kirana.

Akwai wata 'yar ajinmu daga wani ƙauye bayan Dayi, wadda ko ruwa ake yi sai ta zo. Wata Laraba, lokacin girbin masara, da layi ya zo kanta ta ce, kanta a sunkuye, 'yan bindiga sun ɗauke babanta a gona kwana huɗu ke nan.

Kowa ya yi tsit, ni kuma ba na iya zama da tsit. Na miƙe na ɗauko muryar masu wa'azin babban taro. Ina hawa, ina hawa, har na ji bakina ya ce, "Kafin Laraba mai zuwa Baba zai kwana a ɗakinsa." Aka ce amin. Ta ɗago ta dube ni.

"Ɗan'uwa, an nuna maka ne?"

Da na ce a'a, da an wuce wurin. Sai na ce, "Ke dai ki zo da shaidarki."

A hanyar komawa abokina mai kaɗa mana ganga ya ce, "Babban Fasto, da Allah kuka tsayar da ranar nan, ko kai kaɗai ka sa hannu?" Na yi dariya, amma na kasa cin tuwo ranar.

Ashe yarinyar ta buga wa mamarta waya ta faɗa mata. Laraba ta zo, ba labari. Ranar Juma'a masu kiwo suka tsinci gawarsa a bakin rafi.

A zumunta in an yi rashi ana zuwa gaisuwa, kuma shugaba ne ke addu'a. Muka shiga mota zuwa Dayi, daga nan muka hau mashin. Gonaki hagu da dama masara ta bushe a tsaye, ba mai ƙarfin halin shiga ya karya. Ina ta roƙon taya ta fashe, ta ƙi.

Mutanen gidan rabi 'yan coci ne rabi 'yan masallaci. Yayan mamacin, wani Alhaji, shi ya tarbe mu a kan tabarma. Ba mu daɗe ba aka ce mama tana kiran shugaban yaran.

Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Kai ne ka ce Laraba?"

"Ni ne, Mama."

"Na share ɗakin. Na wanke masa riga. Na yi dambu na rufe, na hana kowa taɓawa har ya yi tsami." Ba ta ɗaga murya ba. "Wa ya gaya maka, ɗana?"

"Ba kowa, Mama. Bakina ne."

Ta gyaɗa kai, ta ce to, je ka yi musu addu'a.

Na tsaya a tsakar gida mutane sun fi talatin. Na ce, "Ya Ubangiji, ga mu nan." Daga nan ba abin da ya sake fitowa. Ina tsaye ina jin kukan akuya a bayan danga, har Alhaji ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri," kowa ya ce amin, na zauna.

Bayan sati uku yarinyar ta dawo makaranta saboda jarrabawa. Na tare ta a bakin famfo na ba ta haƙuri, na ce muna nan ranar Laraba.

"Na yafe maka tuntuni," in ji ta, tana ɗaukar bokitinta. "Amma duk lokacin da na rufe ido zan yi addu'a, muryarka nake ji, sai in buɗe."

Har aka gama shekarar ba ta sake zama da mu ba.