Teburin da na yanke wa ƙafafu

Shekarun baya, ban daɗe da komawa Woodbridge, kusa da Washington, da zama ba, na ɗauko mahaifina daga gida don a duba lafiyarsa. Na riga na yi masa takardun zama tun kafin ciwon ya taso, shi ne dai bai taɓa yarda ya zo ba sai da jiki ya matsa. Aka gwada aka ce ciwon daji ne a hanji, amma an gano shi da sauran dama. Aka yi masa aiki, sannan aka ɗora shi a kan maganin nan da ake ƙara wa mutum ta jijiya, a je a huta a sake komawa, har tsawon watanni. Likitar ta ja mini kunne a gabansa, ta ce duk wuya kada a tsaya a tsakiya, in aka tsaya ya zama an yi ba a yi ba.

Baba maharbi ne. A ƙauyenmu na ƙasar Bauchi, da naman dajin da ya harbo da bindigarsa adaka aka raine mu, da shi aka saya mana littattafan makaranta. To, mutumin da ya saba yini yana bin sawu a daji, shi ne aka kawo aka ajiye a falo yana kallon ciyawar da aka yi wa aski. Ni da an sallame asuba na shiga cunkoson babbar hanyar nan zuwa Washington, ban dawowa sai magariba. Matata tana wurin aikinta. Jikokinsa in ya yi musu Hausa su mayar masa da Turanci. Magani ya cinye masa jiki, zaman kaɗaici ya cinye sauran. Muna kai tsakiyar maganin ya kira ni ya ce in yanka masa tikiti. Ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi, kuma gara ya mutu a ɗakinsa da ya rayu yana gadin taga.

Na ce to, Baba. Na fito na ce a raina wallahi babu tikitin da zan yanka. Taurin kan nan a wurinsa na gada, ba a titi na tsinta ba.

Ina da wani aboki mutumin Filato, nas ne, yana zaune a Greenbelt. Shi ya koya mini farautar barewa a dazukan Virginia, don ni ɗan maharbi ne a suna kawai, boko ya ɗauke ni tun ban iya saɓa bindiga ba. Ran nan ya zo gaida Baba, hira ta kai su ga farauta. Yake ba shi labarin cewa shi ba ya cika sayen harsashi, kwanson da ya harba yake tarawa ya wanke, ya sake ɗura shi da hannunsa. Sai dai tun da ya koma gidan haya na bene, kayan aikin suna cikin kwali, babu inda zai kafa su. Baba da ke kishingiɗe ya tashi zaune. Ya ce, "Au, nan ma ana ɗuri da hannu?" Tun da ya sauka ƙasar nan, wannan ce tambaya ta farko da ya yi a kanta.

Kafin abokina ya kai bakin motarsa na gama yanke shawara. Ina da gareji, shi yana da kaya. Na ce ya kawo su.

Matata ba ta yi murna ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce albarushi a gidan da ake da yara, ni da ko ƙwan fitila sai an yi mini tuni nake canjawa? Na lallaɓa, na yi bayani, na sake lallaɓawa. Ta yarda bisa sharaɗi: komai a kulle a kabad, makulli a jikina, yara ba sa taka garejin in ana aiki. Na bincika doka na tabbatar ban taka komai ba. Na tambayi likitar Baba, ta ce in dai zai sa safar hannu, ya wanke hannu in ya gama, kuma ya huta ranakun da magani ya kayar da shi, ita duk abin da zai fitar da shi daga kujerar nan tana maraba da shi.

Sai maganar tebur. Jama'a, ni injiniyan kwamfuta ne, rabona da guduma tun aikin hannu na firamare. Na'urar matse harsashin ƙarfe ce mai nauyi, tana da hannu dogo da ake dannawa ƙasa kamar famfon tuƙa-tuƙa. Da farko a kan teburin roba na ɗaura ta, irin wanda muke fitarwa ranar suna. Dannawa ɗaya na yi, tebur ya rusuna ya gaishe ni. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce aikin nan tebur yake so wanda ko jaki ya yi harbi a kansa ba zai motsa ba. Na koma na sayo katako mai kauri, na yi ta fama duk ƙarshen mako, na fasa babban yatsa, na ɓata katakai, na sake sayowa. A ƙarshe na tsayar da tebur mai ƙarfi, na ɗaure shi da bango da noti, na rataya fitila a sama. Na auna tsayinsa daidai cibiyata, ni kuma dogo ne. Na ja baya ina kallonsa ina jin kaina kamar na gina masallacin Juma'a.

Abokina ya kafa kayan, ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Abin da ya fi nanatawa shi ne albarushin nan ba irin na gida ba ne. Na adaka yana da haƙuri, in ka ɗan zarce sai dai ta bangaje ka a kafaɗa. Wannan kuwa ɗan ƙarin da ido ba zai gani ba ya isa ya fasa bindiga a fuskar mutum. Don haka ba a ƙiyasi. Akwai littafin awo na masu yin albarushin, akwai ɗan sikeli mai allura, abin da suka ce shi ne magana. Ba waya, ba hira, ba gaggawa. Na fassara wa Baba duka, ya gyaɗa kai irin na wanda ake koya wa sunan garinsu.

Ranar Asabar da hantsi muka fara. Na ba Baba aikin goge kwanso da tsumma, yana tsaye a gefena, ni ina awo, ina zuba albarushi kaɗan-kaɗan ina jiran allura ta tsaya. Ina jin yana tsaki ƙasa-ƙasa. Na juya in ɗauko wani abu a kabad. Ko da na waiwayo, ya cire safar, ya tsiyaya albarushi a tafin hannunsa, ya murza da babban yatsa, ya karkata hannun zai zuba a kwanso, yadda ya yi shekara da shekaru yana yi wa adakarsa.

Ban san lokacin da na cafke masa wuyan hannu ba.

A gidanmu ko ido ba ma haɗawa da shi. A tsugune muke yi masa magana. Ga shi yau na riƙe masa hannu kamar na kama yaro a tukunyar miya, kuma sai a lokacin na ji yadda hannun ya rame, yatsuna sun zagaye shi har da saura. Bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba.

Ya ce, "Injiniya, sakar mini hannu."

Ba ya kirana Injiniya sai ransa ya ɓaci. Na saki. Ya karkaɗe albarushin a kan tebur, ya ce tun uwata tana goye yake ɗura bindiga, bai taɓa neman allura ta gaya masa abin da tafinsa ya sani ba. Ya wanke hannu ya shige ciki. Da yamma bai yi mini magana ba, matata ya kira ya ce ta gaya wa mijinta yana jiran tikitinsa, kuma asibitin da za a koma ranar Talata ba da shi ba.

Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Abin da na gina don ya tsaya shi ne zai kore shi. Matata ta bar ni na gama huci, sannan ta ce riƙe hannun ba shi ne kuskuren ba, ita ma da za ta riƙe. Ta ce, "Amma ka dubi teburin nan naka. Ka gina shi daidai tsayinka. Tsoho marar lafiya yana tsaye a gefe yana goge-goge, ko allurar da kake ta yabo ba ya hangowa. Ka ɗauko sarkin baka ka mai da shi yaron shago." Gaskiya ta faɗa. Tunda nake ban taɓa ganin Baba yana ɗuri a tsaye ba. A ƙasa yake zama a kan buzu, kayansa a gabansa, kowa ya ja baya.

Washegari bayan asuba na shiga ɗakinsa na tsuguna. Na gaishe shi ya amsa a gajarce. Na ce, "Baba, ka yafe mini riƙon da na yi maka. Amma ko gobe ka sake zubawa a tafinka, zan sake riƙewa. Gara ka yi fushi da ni da yatsunka cif." Ya ci gaba da jan carbinsa. Na tashi na fita.

Da rana ta ɗaga na kwance teburin daga bango, na kwantar da shi, na ɗauki zarto na hau ƙafafunsa. Ƙarar ce ta fito da shi. Ya tsaya a ƙofar gareji da bargo a kafaɗa yana kallona har na gama na tayar da teburin na danna hannun na'urar. Hannun ya daki siminti tun bai kai ƙarshe ba. Na yanke ya wuce kima.

Sai na ji ya ce, "Ka ce ba a ƙiyasi, kai kuma ka yanka da ƙiyasi."

Wallahi ban taɓa jin daɗin gori irin na ranar ba. Na ce ai shi ya sa nake neman mai duba mini. Ya matso yana faɗa, ya sa na ɗauko guntayen da na yanke, ya nuna mini inda zan rage da inda zan mayar, muka ɗaga teburin daidai yadda hannun zai sauka bai taɓa ƙasa ba. Na kawo masa 'yar kujerar tsugunno ta matata, na shimfiɗa darduma a kai, na ajiye sikelin a gabansa daidai idonsa. Na ce hannuna zai ja ƙarfe, amma babu albarushin da zai shiga kwanso sai ya ce ya yi.

Ya sa tabarau. Ya ɗauki ɗan cokalin ɗiban albarushi ya zuba har allura ta daidaita da layin da littafi ya ce. Sannan da gangan ya ƙara 'yan ƙwayoyi, abin da ko kaza ba za ta tsaya tsinta ba. Allura ta ɗaga. Ya kwashe, ta dawo. Ya sake, ta sake ɗagawa. Ya daɗe yana wannan wasan, sannan ya ce, "Wannan abin ba ya yi wa kowa kara." Ya gyara zama ya ce in miƙo masa safar.

Ranar Talata na sauko na same shi a bakin ƙofa da hularsa da jakarsa ta asibiti, yana cewa in yi sauri, in an gama da wuri jibi yana da aiki. Maganar tikiti ba ta sake tasowa ba, ni ma ban tono ta ba.

Daga nan na shiga uku. Mutumin da ya raina sikeli ya zama ya fi sikelin tsanani. In allura ta kauce kamar silin gashi sai a sake. Ranakun da magani ya kayar da shi, yana kwance zai aiko a gaya mini kada in kuskura in taɓa masa kaya. Wata rana muna tsakiyar aiki wayata ta yi ƙara a aljihu, daga ofis ne, na kai hannu zan ɗauka alhali ɗayan hannun yana kan kwanso. Sai na ji an cafke mini wuyan hannu. Hannun nan ramamme, amma riƙon na maharbi ne. Ya ce, "Ko gobe ka sake, zan sake." Muka dubi juna, karo na farko ido cikin ido, ya saki yana murmushi.

Ya gama maganinsa har zuwan ƙarshe. Da lokacin farauta ya zo, harsashin da ya auna da shi na kayar da barewa, shi ya feɗe ta a garejin, ya yi mana banda har maƙwabta suka samu. Da likita ta sallame shi na yanka masa tikitin da hannuna, na raka shi har gida. Allah ya ƙara masa shekaru masu dama, ya ga auren jikarsa ta fari a can, kuma da lokaci ya yi a ɗakinsa ya cika, kamar yadda ya so. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da na ɗauka daga wannan ba mai yawa ba ne. Na koyi cewa ana iya hana babba abu ba tare da an sauke shi daga girmansa ba, amma sai ka yarda kai ka sauko. Ni na so in riƙe shi a ƙasar nan da ƙarfin tsiya, ashe abin da yake nema a ce akwai aikin da ba ya yiwuwa sai da shi.

Teburin yana nan yadda muka bar shi, gajere, da guntayen katako a ƙafafunsa. Duk ranar da na zauna aiki sai bayana ya gaya mini, ga gwiwoyina kusan a haɓa. Abokina ya sha cewa in kawo ya mayar masa da ƙafafu dogaye, aikin yini ɗaya ne. Matata ma ta ce in tausaya wa ƙashin bayana. Na ce su bar shi. Har yau sikelin yana gefen da Baba ya saba zama, kuma in allura ta tsaya nakan ɗan dakata kafin in zuba, ina jiran a ce ya yi.