Hedley Garbutt da Labarin Ƙararrawa

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Nuwamba, ina cikin goge teburan shagona na shayi 'yarka Philippa ta shigo cikin ruwan sama, ko lema babu, ta ce, "Anti Beryl, Baba ya cika." Na nemi kujera na zauna da tsumman a hannu. Mun daɗe da sanin kana jin jiki, Hedley, amma hakan bai rage mini komai ba.

Duk wanda ya zauna a garin nan namu na bakin teku a Yorkshire ta ƙasar Ingila ya san ka da jar hula da sanda, kana gaba, baƙi masu yawon buɗe ido na biye. Sauran 'yan jagora gine-gine suke nunawa, kai kuwa asalin maganganunmu na Turanci kake tonowa. A bakin tashar jiragen ruwa za ka tsaya ka ce, in muka yabi ma'aikaci da cewa "ya san igiyoyi", daga matuƙan jiragen ruwa na dā muka gada, lokacin da jan igiyar da ba ita ba kan hallaka jirgi da mutanensa. A ƙofar tsohuwar kotu ka ce "an kama shi da jan hannu" daga dokar mutanen Scotland ta fito, ta wanda aka riska jini bai bushe a tafinsa ba. Na ji su har na haddace, ban gaji ba, sai dai ban taɓa gaya maka ba don kada kanka ya ƙara girma.

Shekarar da mijina ya rasu ciniki ya tsaya mini cak. Kai ka karkatar da hanyar yawonka ta riƙa ƙarewa a ƙofar shagona, daura da maƙabartar coci. Ba ka taɓa ɗaga maganar ba. In na kawo maka shayi kyauta sai ka ce ya huce, don dai mu yi cacar baki kada in samu damar godiya.

A maƙabartar nan kake rufe yawo da labarin da ya yi maka suna. 'Yan jagoran garin nan ba su san bincike ba. Baki da baki ake gadon labari, wanda ya fi sa tsigar jiki tashi shi ake riƙewa. Haka ka gaji wannan daga wanda ya koya maka aiki: wai abin da ya sa muke cewa "ƙararrawa ta cece shi" ga wanda ya tsira da ƙyar, a dā ana yawan binne mutane da ransu, sai a ɗaura wa gawa zare a yatsa, a haɗa da ƙararrawa a saman kabari. Kana rage murya, ka bar su su yi tsit, sannan ka zaro 'yar ƙararrawa daga aljihu ka kaɗa. Mata su yi ihu, maza su yi dariyar borin kunya.

Matarka Audrey, ƙawata tun muna makaranta, ta sha tsayawa a bayan taro tana dariya ita ma. Da ciwon huhu ya kwantar da ita, dariyar ta ƙare. Ba mutuwa take tsoro ba. Tsoronta ta farka a cikin akwati, ƙasa a kanta, babu mai ji. Ta daina yarda barci ya ɗauke ta. A lokacin ne, karon farko a rayuwarka, ka shiga ɗakin karatu ka bi maganar zuwa tushe. Ka dawo da gudu kamar yaro, ina zaune a gefen gadonta.

"Audrey, ƙarya ce! Daga dambe maganar ta fito. Mutum na shan kashi, an kusa kayar da shi, sai a kaɗa ƙararrawar ƙarshen turmi. Shi ke nan fa. An taɓa ƙera irin akwatunan don tsoro, amma ba a san ko mutum ɗaya da suka ceta ba."

Ta dube ka ta ce, "Haba tsoho. Na farkon ka fi iya faɗa. Wannan don ka lallashe ni ne."

Ka rantse, ka kawo littattafai, ka kira limamin coci, ka kira likita. Duk a banza. A ƙarshe ka ɗaura mata zare a yatsa da hannunka, ka ɗora ƙararrawar aljihunka a kan bargo, sannan ta yi barci. Da ƙararrawar aka binne ta. Na ga fuskarka ranar, ban kuma so in sake ganin irinta.

Tun daga nan buri ɗaya ya rage maka: ka janye labarin nan daga bakin mutane kafin ka mutu. Ka daina ba da shi. Baƙi suka yi ƙorafi, don shi suka zo ji, kamfanin yawon buɗe idon da kake yi wa aiki ya sallame ka cikin ladabi. Sai ka koma tsayuwa a ƙofar maƙabarta cikin sanyi, kana tare kowane ayari kana cewa, "Ku yi haƙuri, daga dambe ne." Wasu suka ɗauka kana cikin wasan, suka ɗauki hotonka. Wasu suka ce tsufa ne. Na sha jawo ka cikin shago ina yi maka faɗa, kana karkarwa, ba ka ko iya riƙe kofi.

Ranar jana'izarka, muna tsaye ana shirin saukar da kai kusa da Audrey, sai ga ayari a bayan katanga, wata sabuwar 'yar jagora na gaba. Na ji ta rage murya. Na ji ƙarar ƙararrawa, na ji ihu da dariya. Raina ya ɓaci, na bar kabarin na nufe ta da sandata.

"Ke! Ba ki da ido ne? Kuma labarin nan ƙarya ne, daga dambe ne."

Ta rusuna, don yarinya ce mai ladabi. "Yi haƙuri Mama, ban lura ana binnewa ba. Amma labarin ingantacce ne. Daga bakin Hedley Garbutt aka samo shi, kuma duk garin nan babu wanda ya kai shi sani."

Na juya na bar ta. Na koma na tarar har an fara zuba ƙasa.

Allah ya jiƙanka, Hedley, ya dubi shekarun da ka yi a ƙofar nan cikin sanyi, ya yafe maka abin da ka faɗa ba da sani ba. Ya jiƙan Audrey, ya ba ku barcin da babu firgita a cikinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Philippa da mijinta da 'ya'yansu, da ƙanenka Clifford. Allah ya ba ku haƙuri, mu da muka rage ya sa mu cika da kyau.

Beryl Outhwaite