Hoton Alhaji da kifin da ke gadin ƙwai

"Tsaya, sake ɗauka, hulata ba ta fito ba!"

Alhaji Sani ke nan, maƙwabcina ɗan Maraɗi, riƙe da kifin da fatsarsa ta kamo a tabkin bayan Vaulx-en-Velin, garin da muke zaune a ƙasar Turawa. Black-bass suke ce masa a nan. Wai hoto kawai yake so ya tura gida, sannan ya sake shi.

A watan Mayu muke, lokacin da namijin wannan kifi ke tsaye a kan ƙwai cikin tsakuwar bakin ruwa, yana korar duk abin da ya matso. Ina ɗaukar hoto, ina hango gurbin da ya bari. Ƙananan kifaye sun yi wa ƙwan caa.

Da Alhaji ya gamsu, ya jefa shi ruwa ya ce, "Ka gani, Malam, ni ban ci ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Mai gadi kawai ka ɗauke."

Kifin ya koma gurbinsa, ya ci gaba da gadin tsakuwa. Hular dai ta fito sarai.

To, jama'a, wa ya ci ƙwan nan?