Fasfona a Buhun Shinkafa

Akwai wani man kariyar rana mai ƙamshin kwakwa da ake jerawa a bakin kantunan ƙasar nan da zarar zafi ya kawo kai. Shekaranjiya wata mata ta buɗe irinsa a gabana a layin biyan kuɗi, ta matsa a tafin hannu tana shafa wa ɗanta a wuya. Sai da na ajiye kwandona na fita waje na sha iska. Ga mutanen nan ƙamshin hutu ne. Ni kuwa ba ya tuna min komai sai makon da muka haɗa kayan tafiyarmu ta farko a jirgin ruwa, ina 'yar shekara takwas.

Mu huɗu ne a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a garin Clinton na Amurka. Baba yana tuƙa tasi a cikin Washington. Mama tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko daga Yawuri ina 'yar shekara uku don ta yi renona. Ɗakinmu ɗaya da ita. Hausar nan da kake karantawa a bakinta na koye ta, domin iyayena in sun dawo a gajiye da Turanci suke sallamata. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai ta ce “ƙawata”. Na faɗa maka wannan tun yanzu don kada ka zaci labarin muguwar tsohuwa zan ba ka. Ina sonta fiye da kowa a gidan, kuma har yau ban huce ba.

A tsakiyar hunturu Mama ta kawo maganar. Abokan aikinta 'yan Jos da Kaduna suna ta nuna mata hotunansu a jirgin shaƙatawa, irin wanda ke tashi daga Baltimore ya yi kwana biyar a teku ya dawo. Ta ce shekara shida tana gyara wa iyayen wasu gado, tana so ita ma wani ya gyara mata nata ko na kwana biyar ne. Ta riƙa karɓar aikin ranakun hutu har tikiti uku suka samu. Da an so a yanka huɗu, amma Kaka ta ce ko a mafarki ba za ta taka ba.

“Ku je ku biyu,” in ji ta. “Ku manya ne, kun san abin da kuka zaɓar wa kanku. Yarinya ku bar min ita.”

“Inna, an riga an yanka mata tikiti,” in ji Mama.

Baba yana wurin, yana cin tuwo. Bai ɗago ba.

Saura mako guda Mama ta manna takarda a ƙofar firji, ta jera duk abin da za a ɗauka. Wata abokiyar aikinta da ta taɓa zuwa da yara ce ta karanto mata a waya. Ina iya tuna nawa kashin: kayan ninƙaya guda biyu don ɗaya ya bushe kafin a sa ɗaya, hula mai faɗi, silifa, maganin hana amai, maganin zazzaɓi na yara, filasta, man kariyar rana, rigar sanyi ɗaya saboda sanyin ɗakin cin abinci, da wata rigar soso ruwan lemo mai hana nutsewa, daidai ƙirjina. An ce ba a shiga da dutsen guga ko butar lantarki, kilishi ma a bar shi a gida. Baba abu uku kawai ya ƙara, dadduma da butar roba da ɗan kamfas na neman alƙibla. A can ƙasan takardar Mama ta rubuta fasfo da katin izinin zama, ta ja musu layi biyu.

Daga ranar gidan ya koma fagen yaƙi, amma ba wanda ya ɗaga murya. Mama ta shirya akwatina da safe kafin ta fita, Kaka ta kwance shi da rana. Ta ɗago kayan ninƙayata da yatsa biyu ta ce tsirara ce aka yi wa ɗinki. Ta juya kwalin maganin amai ta ce, “Wurin da sai an sha magani kafin a shiga, mai hankali ne ke kai ɗansa?” Man ranar nan ta buɗe ta shinshina, ta ce abin da Turawa ke shafawa don kada su yi baƙi, uwarki ta sayo wa baƙar yarinya. Mama ta dawo ta tarar da kayan a jere a kan gado, ta mayar da su akwati, tukwanen kicin kuma su sha wuya. In magana ta zama dole, ni ce hanya. Gaya wa uwarki kaza. Ce wa kakarki kaza. Suna tsaye taku uku a tsakaninsu, ina kai saƙo ina kawowa.

Rigar soson ce kaɗai Kaka ba ta yi wa ba'a ba. Ta riƙe ta a cinya ta daɗe tana matsa ta da hannu.

Saura kwana biyu ta zaunar da ni a tsakanin ƙafafunta tana yi min kitson tafiya. Zafin Agusta ne, fanka tana juya iska mai ɗumi, gyare yana ta ƙara a bishiyoyin bayan gida. A nan ta gaya min Baba yana da ƙane. Shekarunsa takwas, kamar ni. Ranar kasuwa ta sa su biyu a kwalekwale su kai wa 'yar'uwarta saƙo a ƙetaren kogi, kwalekwalen ya kife. Baba ya fita, ƙaramin bai fita ba. Sai bayan kwana uku masunta suka kawo mata shi.

Da nan ta tsaya, da na yi kuka na rungume ta. Ba ta tsaya ba. Ta gaya min yadda cikinsa ya kumbura, da launin da fatarsa ta koma, da abin da kifi ya yi wa fuskarsa. Tana faɗa tana jan gashina har idona yana kawo ruwa. Ta ce wancan kogi ne ma, ana hango gaɓarsa. Inda uwata za ta kai ni ko gawa ba a dawowa da ita.

Washegari da rana na shiga kicin shan ruwa. Akwai wani lungu bayan ƙofa inda ake jingine buhun shinkafa. Na tarar da Kaka a durƙushe, hannunta a cikin buhun har gwiwar hannu. Ledar da Mama ta zuba takardunmu tana gefe a buɗe. Ba ta firgita ba. Ta zaro hannun a hankali, ta baje shinkafar, ta ɗaure bakin buhun.

“Ƙawata, ba ki ga komai ba,” in ji ta. “Ranki nake ceto. In kika buɗe baki, ba ni ba ke.”

Ranar tafiya Mama ta tashi da fara'a, har waƙa take yi. Akwatuna uku suna bakin ƙofa. Ƙarfe tara za mu fita. Ta ɗauko ledar don dubawar ƙarshe, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Fasfo biyu, nawa babu.

Duk abin da ta yi mako tana ninkewa ta zazzage shi a tsakar falo. Ta zare aljihunan tebur ta kife, ta ɗaga katifu, ta zuba hannu har a kwandon shara. Kaka tana kan dadduma tana jan carbi. Baba yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota, yana cewa a duba a hankali, zai fito. Mama ta juyo kaina ta riƙe kafaɗuna da ƙarfi.

“Kin yi wasa da shi? Kin kai makaranta? Faɗa min, ba zan doke ki ba.”

Na girgiza kai. Ina jin idon Kaka a bayan wuyana.

Sai Mama ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta je gaban Kaka ta durƙusa a kan gwiwoyinta.

“Inna, don Allah.”

“Ni na yi boko ne da zan san takarda?” in ji Kaka. Carbin bai tsaya ba.

Mama ta dubi Baba. Shi kuma ya dubi agogon hannunsa. Ta koma tsakiyar kayan ta zauna a ƙasa, ta ɗauki hulata mai faɗi ta riƙe, hawaye suna zuba ba sauti. Ƙafafunta na kalla, a kumbure suke saboda tsayuwar aiki. Ina tsoron teku, ina tsoron kifi, ba na son tafiyar ko kaɗan. Amma na kasa jure kallon ƙafafun nan. Na sunkuyar da kai na faɗi inda yake da Turanci, da sauri, ina zaton in Kaka ba ta ji kalmomin ba kamar ban faɗa ba ne. Shekara biyar tana ƙasar. Ta san sunan shinkafa.

Mama ta shiga kicin ta fito da fasfon, ta kakkaɓe shi a cinyarta. Ta tattara kayan ta danna a akwatuna yadda suka zo hannu, ba wanda ya ƙara kallon takardar firji. Na je na durƙusa in yi wa Kaka sallama, ta juya fuskarta bango. Baba kaɗai ta ce wa Allah ya kiyaye hanya.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Maganin amai ya tsaya a ƙarƙashin kujerar falo, na yi kwana biyu ina amai kafin likitan jirgin ya ba ni wani. Rigar soson nan da ita nake zuwa cin abinci, yara suna nuna ni. Ban tsoma ko yatsa a wurin wankan jirgin ba, ban matsa kusa da ƙarfen gefensa ba. Da muka sauka a wani tsibiri, can nesa da ruwa na zauna a kan tawul. Mama ta yi ta ɗaukar hoto tana cewa in yi murmushi. Tsakaninta da Baba kuwa ba abin da ya wuce miƙo gishiri.

Muka dawo muka tarar gadon Kaka a gyare, akwatinta babu. Ta kira wani ɗan'uwan Baba da ke College Park ya zo ya ɗauke ta. Kafin ganyen bishiyoyi ya gama zuba ta koma gida Yawuri. Kowace Sallah Baba yakan miƙo min waya in gaishe ta. In ce, “Kaka, ina wuni?” Ta ce, “Lafiya lau. Miƙa wa ubanki.” Haka muka yi shekara shida har ta rasu.

Sai da na kai shekara talatin na koyi ninƙaya, a wurin wankan gundumarmu, a ajin manya matsorata irina. Wata Asabar motata tana wurin makanike, Baba ya kai ni. Ya daina tasi a lokacin, gwiwa ta dame shi. Ya zauna a benci yana kallona ina riƙe da bakin wurin wankan ina buga ƙafa. Da muka shiga mota, gashina a jiƙe, sai na ji tambayar ta fito da kanta.

“Baba, ranar nan, me ya sa ba ka ce komai ba?”

Ya daɗe yana gyara madubi. Ya ce, “Ta gaya min tun da asuba.”

“Kana nufin ka san inda yake?”

“Na sani.”

“Kana kallon Mama a durƙushe. Kana kallona.”

“Uwata ce,” in ji shi. “Ɗa ɗaya na riga na sakar mata a ruwa. In na tona mata asiri a gaban matata, da wane ido zan kalle ta? Na san za ki faɗa.”

Na ce, “Shekarata takwas.”

Ya tayar da mota.

Yanzu abubuwa sun sauya. An sayar da gidan Clinton, iyayena suna wani ƙaramin gida kusa da ni, Mama ce ke shafa masa magani a gwiwa. 'Yan'uwanmu da ke nan sun mai da jirgin ruwa abin kowace shekara, jerin kayan tafiya a waya yake, yara ma ana tambayarsu me suke so a saka musu. Ina da ɗa mai shekara biyar, na sa shi a ajin ninƙaya tun bai iya magana sosai ba. Mutane suna ce min in yafe, tsohuwa ce da ta ga abin da ta gani, shi kuma ɗa ne da aka matse tsakanin mata biyu. Duk na san wannan. Ina yi wa Kaka addu'a bayan kowace salla, ina kai Baba asibiti, ina yanke masa farce. Amma a gidana na kafa doka ɗaya, mijina ya san ta, iyayena ma sun ji ta daga bakina. In manya suna da magana, su faɗa wa juna da kansu. Ranar da na fara faɗarta Baba yana zaune, ɗana a cinyarsa. Ya sauke yaron a hankali, ya ce ya je ɗaki ya yi wasa.